Kyamarar aljihu ko babbar mai zuƙo nesa: wacce ta dace da ni?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku kan wani abu da ya ɗaure min kai. Kusan shekara guda ke nan da na kamu da son kallon tsuntsaye. Akwai wani tafki da nake zuwa da sassafe ranar da babu aiki, kuma duk sanda na ɗaga waya na zuƙo, abin da nake komawa gida da shi ɗigo ne baƙi a kan reshe. Makon jiya wani shaho ya sauka a kan busasshiyar bishiya a tsallaken ruwa, ya fi minti goma a zaune yana gyaran fuka-fukai da baki. Na ɗauka sau ashirin, ko ɗaya ba a gane shaho ne ba. Abin ya tsaya min a rai.

Na yanke shawarar sayen kyamara, amma ba mai canjin ruwan tabarau ba. Iri biyu nake ta gani: ƙaramar nan ta aljihu da aka rubuta wa 30x ko 40x, da babbar mai hanci wadda suke kira birij, mai 60x zuwa sama. Ban da tsuntsaye ina son ɗaukar yarana a filin ƙwallo, da kuma hotunan tafiya. Wacce za ku ce in ɗauka?

Hajiya Mai Tafiya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ni ta aljihu zan ce miki, kuma daga abin da ya same ni nake magana. Na taɓa sayen babbar, wata uku na farko kullum tana wuyana, daga nan ta koma cikin durowa. Jakarta daban, nauyinta daban, in za ki fita da yara sai kin zaɓa tsakaninta da gorar ruwa. Yanzu ƙarama nake riƙewa, nauyinta bai wuce gram 300 da 'yan kai ba, tana cikin jakar hannuna ko da yaushe. Hotunan da na ɗauka da ita a shekara ɗaya sun fi waɗanda na ɗauka da babbar a shekara huɗu.

Ɗan Auta:
Anti, ki canza waya kawai. Wayoyin yanzu suna zuƙowa har 100x.

Injiniya:
Ɗan Auta, wannan 100x ɗin ba gilashi ne ke yin sa ba. Gilashin nesa na iPhone 15 Pro Max 5x ne, wato daidai da milimita 120. Na Galaxy S23 Ultra 10x ne, milimita 230. Duk abin da ya wuce nan yanka tsakiyar hoton ake yi a hura shi, manhaja ta cike gurbi da ƙiyasi. Shi ya sa shahon Maman Hanifa ya koma ɗigo.

Maman Hanifa, kafin a shiga zaɓi bari in warware miki wannan lambar ta x, domin ita ce ke yaudarar masu saye. Lambar ba ta faɗin nisan da kyamara ke kaiwa. Lissafi ne kawai: a raba ƙarshen nesa da farkon faɗi. Panasonic FZ80 tana farawa daga milimita 20 ta ƙare a 1200, sai aka ce 60x. Canon SX740 HS ta aljihu tana farawa daga 24 ta ƙare a 960, aka ce 40x. Da za a ƙera wata mai farawa daga 35 ta ƙare a 700, sunanta 20x, alhali nisanta kusan ɗaya ne da mai 24 zuwa 720 da ake kira 30x. Don haka ki daina duba x, ki dubi lambar milimita ta ƙarshe. Ga tsuntsu, daga 600 zuwa sama ne abu ke fara daɗi.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri Injiniya, yau na fahimci wannan. To amma in ta aljihu tana kai 960, ai ta wuce 600 ɗin da ka ce. Me zai sa in ɗauki nauyin babbar?

Baba Mai Hoto:
'Yata, tambayarki ta yi kyau, kuma a nan gizo ke saƙar. Kaiwa daban, riƙewa daban. Na shafe shekaru ina ɗaukar hoto tun zamanin fim, kuma abin da bai canza ba shi ne hannun ɗan Adam yana rawa. Tsohuwar ƙa'idarmu ita ce, in gilashinka milimita 500 ne, kada saurin ɗauka ya gaza ɗaya bisa 500 na daƙiƙa. Na'urar rage rawa da ke cikin kyamarorin yanzu ta sassauta ƙa'idar, amma ba ta soke ta ba.

Yanzu ki kwatanta. Kin miƙa hannu biyu gaba riƙe da abu kamar sabulu, kina kallon allo, rana na haska shi, kin zuƙo har 960. Numfashinki kaɗai sai ya fitar da tsuntsun daga cikin hoton. Babbar kuwa tana da mariƙi da yatsu ke kamawa, hannun hagu na tallafe da hancin daga ƙasa, tagar leƙe na manne da girarki, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari. Wuri uku ke nan suka tokare ta. Wannan tagar leƙen ita ce rabin aikin tsuntsu. SX740 da Injiniya ya ambata ba ta da ita sam. Panasonic TZ95 tana da 'yar ƙarama, amma TZ99 da ta gaje ta an cire mata. Sony HX99 tana da mai tasowa in an danna. A cikin manyan kuwa da wuya ki samu wadda ba ta da ita.

Hajiya Mai Tafiya:
Baba, ban musa maka ba. Amma wadda aka bari a gida fa, ko tagar leƙe goma gare ta ba ta ɗaukar komai.

Baba Mai Hoto:
Gaskiya ne Hajiya, ga mai irin fitarki. Ke hoto ne ke cin karo da ke a hanya. Ita kuwa takanas take tashi da asuba ta tafi neman sa. Wanda ya bar gado saboda shaho ba zai manta kyamara a durowa ba.

Injiniya:
Akwai abu na biyu da Baba bai taɓo ba, wato haske. Don gilashi mai kai 720 ya naɗe ya shige cikin jikin da bai kai kaurin yatsu uku ba, dole a ƙuntata ƙofar haskensa. Da lambar f ake auna wannan ƙofar, kuma in lambar ta ƙaru hasken da ke shiga raguwa yake yi. TZ95 a ƙarshen zuƙowa f/6.4 ce, SX740 kuma f/6.9. Ita kuwa Panasonic FZ300, wadda ta fito a 2015, f/2.8 take daga 25 har 600, ba ta sauka. Tsakanin f/2.8 da f/6.4 akwai bambancin haske sama da ninki biyar. Ma'ana, a safiyar da FZ300 za ta ɗauka da ɗaya bisa 500, ta aljihun sai ta sauko wajen ɗaya bisa 100, ko kuma ta ɗaga ISO, wato ta ƙara wa hoton haske ta hanyar lantarki, hoton ya cika da yashi-yashi. Tsuntsu kuma da sassafe da yamma yake fitowa, lokacin da hasken ya yi ƙaranci.

Mai Kallon Wata:
Ku ba ni wuri in yi wa tawa kirari. Nikon P900 gare ni, 24 zuwa 2000. Daren da na fara saita ta ga wata na ga ramukan da ke jikinsa da inuwarsu, sai da na kira duk mutanen gida suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Babu kyamarar aljihun da za ta ba ka wannan. Nikon P1000 da ta fito a 2018 ma ta kai 3000, wata na cika hoton daga sama har ƙasa. Maman Hanifa, in bishiyar nan a tsallaken ruwa take kamar yadda kika ce, nisa kike buƙata, kuma nisa shi ne sana'ar waɗannan.

Maman Hanifa:
Kai, 3000! Ashe dai ita ce maganin matsalata?

Injiniya:
A yi a hankali. P1000 nauyinta kilo 1.4, 'yar'uwarta Nikon P950 wajen kilo ɗaya. A 3000 ƙofar haskenta f/8 ce. Kuma ga abin da ya kamata kowa ya sani: sensa ita ce ɗan farantin da ke karɓar haske a bayan gilashi ya mayar da shi hoto, kuma sensar da ke cikin P1000, da ta FZ80, da ta Canon SX70 HS, da ta SX740 ta aljihu, duk girmansu ɗaya ne. Ana kiranta 1/2.3, faɗinta kamar milimita 6 da ɗigo, tsayinta 4 da rabi, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Girman jikin kyamara ba ya nufin girman sensa. Mutane da yawa suna ganin babbar ta yi kama da ta ƙwararru sai su zaci hotonta zai fi na ƙaramar tsabta a cikin ɗaki. Ba haka ba ne.

Ƙanƙantar sensar ce ma sirrin nisan. Ainihin gilashin P1000 daga milimita 4.3 ne zuwa 539. Da yake sensar ƙarama ce, ɗan tsakiyar abin da gilashin ya kawo kawai take gani, sai ya yi daidai da abin da 3000 zai nuna a babbar kyamara mai cikakkiyar sensa. An sayi nisa ne da haske.

Mai Kallon Wata:
Wannan haka yake, ba zan ɓoye ba. Kuma akwai abin da ba laifin kowace kyamara ba ne: iska. In rana ta take, zafi na tashi daga ƙasa ko saman ruwa, duk abin da ke nesa sai ya riƙa rawa kamar ana kallonsa ta saman wuta. A irin wannan lokacin ko 5000 gare ka hoton a narke zai fito. Ni da safe nake ɗauka kafin ƙasa ta ɗau zafi, kuma in na wuce 1500 sai na jingina da bango ko na kafa mai ƙafa uku.

Wani abu da zai taimake ki ƙwarai: wasu daga cikin manyan suna da maɓalli a gefen hanci, in tsuntsu ya ɓace miki sai ki danne, gilashin ya ja baya ki ga wurin duka, ki nemo shi, ki saki ya koma inda yake. Kafin in saba da shi na yi asarar tsuntsaye da yawa ina lalube cikin ganye.

Malama Rabi:
Ina bin muhawarar tun safe, kuma na ga an manta da rukuni na uku. Akwai masu sensar da ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, wato filinta ya ninka na ƙaramar sau huɗu. Kamar a ajiye baho da ƙaramin kwano a ruwan sama ne, kowa ya san wanda zai fi tara. Kuma suna nan a ɓangarorin biyu. A aljihu akwai Panasonic TZ200, 24 zuwa 360, da Sony RX100 VII, 24 zuwa 200. A manya akwai Panasonic FZ1000 mai 25 zuwa 400 wadda ta fito a 2014, da Sony RX10 IV mai 24 zuwa 600, f/2.4 zuwa f/4.

Dalilin da na kawo wannan shi ne maganar yara a filin ƙwallo da kowa ya tsallake. Yaro mai gudu ba wata ba ne da zai tsaya a jira shi. Yawancin masu ƙaramar sensa suna lalubo saiti ne, wato daidaita gilashi don abin da ake ɗauka ya fito fes, ta hanyar gwada kaifin hoto gaba da baya, kuma a ƙarshen zuƙowa wannan laluben yana ɗaukar lokaci. RX10 IV tana da ɗigon saiti 315 na nau'in da ke auna nisa kai tsaye, tana ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa ɗaya tana bin abin da ke motsi. Ita kaɗai ce a cikin duk waɗanda aka lissafa zan ce tana kama tsuntsu a sama ba da sa'a ba. Nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya.

Ɗan Auta:
Amma Malama 400 ko 600 ai bai kai rabin 1200 ba, balle 2000.

Malama Rabi:
Ƙanena, 600 rabin 1200 ne cif. Sannan hoton babbar sensa yana jure yanka. In na ɗauka a 600 da megafiksel 20 masu tsabta, na yanke gefe-gefe, abin da ya rage sau da yawa ya fi na wanda ya ɗauka a 1200 da ƙaramar sensa cikin hasken asuba. Da rana tsaka mai kyau kuma shi zai fi ni ganin gashin tsuntsu. Ya danganta da lokacin da mutum yake fita.

Hajiya Mai Tafiya:
To ga shi kun dawo kan maganata ta wata hanya. In TZ200 na da babbar sensa kuma tana shiga aljihu, ai ta haɗa biyun.

Baba Mai Hoto:
Ga tafiya ta haɗa, Hajiya, kuma da ke ce kike tambaya ita zan nuna miki. Gine-gine, kasuwa, fuskar mutum, cikin jirgi, duk za ta yi. Amma 360 ga shaho a tsallaken tafki gajere ne, kuma a ƙarshen nan ita ma f/6.4 take. Kada mu ba baiwar Allah nan amsar tambayar da ba ta yi ba.

Hajiya Mai Tafiya:
Ta ambaci tafiya a tambayarta Baba, koma ka duba.

Maman Hanifa:
Na ambata Hajiya, kuma na gode da kika riƙe min wannan. Amma da na zauna na yi wa kaina gaskiya, wayata tana isata a tafiya. Ban taɓa dawowa daga tafiya ina baƙin cikin hoto ba. Daga tafkin nan ne kawai nake dawowa da shi.

Abu Safwan:
Tunda an karkata ga babbar, bari in ƙara abin da ya shafi ƙarko. Ta aljihu gilashinta hawa-hawa yake fitowa duk sanda aka kunna, ya koma in an kashe. Tawa ta farko ƙwayar yashi ce ta shiga tsakanin hawan a bakin ruwa, ta tsaya rabi a waje, ba ta sake motsi ba. Aljihu ma kansa cike yake da zare da ƙura, a nemar mata 'yar jaka. Manyan su ma suna shaƙar ƙura in hanci na shiga da fita, kuma da yake gilashin ba ya cirewa, in ƙura ta sauka a kan sensa ba a iya gogewa a gida, sai an kwance. FZ300 da RX10 IV an toshe musu kafofi saboda ƙura da yayyafi. Ga mai zama a bakin tafki wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniya:
Wani abin lura kuma, yawancin waɗannan kyamarori ba sababbin ƙira ba ne. Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, ta ƙirga kyamarori sama da miliyan 121 da aka fitar a 2010. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Waya ta cinye kasuwar ƙananan, kamfanoni suka rage ƙera sababbi. FZ80D ta 2024 da Nikon P1100 ta 2025 gilashinsu irin na waɗanda suka gada ne, babban abin da aka sauya har da mashigar caji ta USB-C. Don haka kada shekarar fitowa ta tsorata ki, kuma ta hannu mai lafiya ba abin ƙi ba ce.

Ki kula da sunaye in kina bincike, don abu ɗaya ne ke da suna biyu. A kyamarorin Panasonic, TZ a Turai ita ce ZS a Amurka. FZ80 ita ce FZ82, FZ300 ita ce FZ330 a Ingila.

Baba Mai Hoto:
In ta hannu za ki saya, ga abin da nake yi. Ki zuƙo har ƙarshe ki dawo sau biyar, kunnenki a kusa, ki ji ko akwai ƙara ko tsayawa. Ki ƙuntata ƙofar haske iyakarta, ki ɗauki farin bango ko sararin sama, ki buɗe hoton a kwamfuta: in akwai ɗigo mai duhu da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce a ciki. Ki haska tocila cikin gilashin ki duba ko akwai abu kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, ki bar musu kayansu. Sannan ki rataya ta a wuya ki yi minti goma a tsaye kafin ki biya. Batir na biyu kuma dole ne, motar da ke tura hancin nan tana shan wuta.

Maman Hanifa:
Na dawo da labari. Ashe ƙanin maigidana yana da babbar mai kai 1200 a ajiye, ya ba ni aro na mako biyu kafin in yanke hukunci. Ranar Asabar na je tafkin. Shahon bai zo ba, amma wata zalɓe ta tsaya cikin ruwa iya gwiwa, na manna idona a tagar kamar yadda Baba ya ce, na tokare gwiwar hannu, na zuƙo. Na ga ƙwayar idonta ruwan ɗorawa, na ga ɗigon ruwa na sauka daga bakinta. Na daɗe ban danna ba, kallo kawai nake yi.

Hajiya, wuyana ya gaya min kin yi gaskiya kan nauyi, zan nemi maɗauri mai faɗi. Malama Rabi, ke ma na ga abin da kike nufi: waɗanda na ɗauka bayan rana ta fito sun yi kaifi, amma na kafin ƙarfe bakwai duk dishi-dishi ne, kuma a filin ƙwallo rabin hotunan ciyawa ce ta fito fes yaron bai fito ba. Yanzu tsakanin FZ300 da mai babbar sensa nake. Kafin nan, me zan gyara a wannan ta aron don na asuba su yi kyau?

Baba Mai Hoto:
Masha Allah 'yata. Ki cire ta daga kan otomatik ki murɗa zuwa S, inda ke ce za ki zaɓi saurin ɗauka. Ki sa ɗaya bisa 500 ga tsuntsun da ke tsaye, ɗaya bisa 1000 ga yaran. Ki bar ISO ya zaɓi kansa amma ki yi masa iyaka a 800, don ƙaramar sensa ba ta jure fiye da haka sosai. Ki mayar da saitin ɗigo ɗaya a tsakiya, kada ta riƙa kama ganye da ciyawa. Ki kashe zuƙowar dijital gaba ɗaya. Da asuba kada ki kai ƙarshen hancin, ki tsaya wajen 700 ko 800 inda ƙofar ta fi buɗewa, sauran nisan ki cike shi da ƙafa, a hankali, rana a bayanki. Ki sa ta ɗauki uku-uku ko biyar-biyar a danna ɗaya, na tsakiya ne yawanci ke fitowa da kaifi.

Malama Rabi:
Ki ƙara da wannan: in kyamarar tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta gyara ba, ki kunna shi tare da JPEG ɗin da aka saba ranar Asabar mai zuwa, ki turo min ɗaya daga na asuba in gwada rage masa yashin. Daga nan za mu ga ko ƙofar haske ce ta gaza miki ko sensar, sai ki san wacce za ki saya cikin biyun.

Maman Hanifa:
In sha Allah zan turo. Ƙarfe shida zan kasance a wurin, ko shahon zai dawo kan bishiyarsa.